Yadda Delmer Ya Wanke Libarbar Kaka Levi

Duk wanda ya zauna a garinmu ko na wata guda ne ya san ba a wanke tsohuwar bindiga. Faston cocinmu ya sani, mai raba wasiƙu ya sani, matata da ko warin albarushi ba ta so ita ma ta sani. Baƙin nan da tsufa ya shafa wa ƙarfe, da duhun da gumin hannu ya bari a jikin ƙota, su ne bindigar. In ka goge su, abin da ya rage a hannunka ƙarfe ne kawai da katako. Mutum ɗaya tak wannan magana ba ta taɓa shiga kunnensa ba, kuma don Allah ya jarraba haƙurina sai ya haɗa ni katanga da shi. Sunansa Delmer Krouse.

Fentin mota Delmer ya yi har ya ajiye aiki, kuma a wurinsa duk abin da ba ya ƙyalli ba shi da lafiya. Akwatin wasiƙunsa na ƙyalli, bokitin shararsa na ƙyalli, sanƙonsa kuwa in rana ta take sai ka kare ido. Da zaman gida ya ishe shi, sai ya hango mu 'yan ƙungiyar tara tsofaffin bindigogin yaƙin basasar ƙasarmu, na zamanin kakannin kakanni, muna haɗuwa duk Asabar a zauren 'yan kwana-kwana, muna shan kofi muna musu a kan hatimi da lamba. Ya ce shi ma da shi za a yi. Ya sayo wata libarba, ƙaramar bindigar hannu, irin sababbin nan da ake ƙerawa a kwaikwayi na da, ya zo yana hura hanci wai wani janar ne ya yi yaƙi da ita. Dattijo Rufus Kerchner, shugabanmu, ya juya ta sau ɗaya, ya nuna masa inda aka buga sunan ƙasar da aka ƙera ta can ƙetaren teku, ya tambaye shi ko janar ɗin ta gidan waya ya yi odarta. Tun daga ranar Delmer yake gaya wa kowa hassada ce ta hana mu karɓarsa.

To a shekarar nan gari ya tashi gyaran dutsen tunawa da ke dandali, wanda aka sassaƙa sunayen mutanenmu da suka je yaƙin. Aka ce duk wanda aka tsallake sunan kakansa ya kawo shaida a ƙara. Nan maganar Gwaggo Verna Hostetter ta taso. Gwaggon matar Delmer ce, wato Lorna. Tsohuwar malamar makaranta ce da ta haura tamanin, ba ta taɓa aure ba, kuma rabin garin nan a hannunta muka koyi karatu, har yau in ta kalle ni sai na gyara zama. Kakan babanta, Levi, kurtu ne a sojan doki, amma sunansa ba ya kan dutsen. Tun zamanin kakanni ake tsegumin wai bai je ko'ina ba, duwatsu ya hau ya ɓuya har aka gama. Da wannan gori aka raini Gwaggo Verna, kuma bai taɓa daina yi mata ciwo ba.

Abin da take da shi ɗaya ne: libarbar Levi, a cikin wata tsohuwar safar ulu a ƙasan akwatinta. A jikin ƙotar akwai hatimin jami'in soja da ya duba ta, ya dushe amma yana nan. A gindin ƙotar kuma, kan tagullar da aka lulluɓe wurin da ita, Levi ya karce sunansa da lambar rundunarsa da tsinin wuƙa, siriri ƙwarai, sai ka karkata shi ga haske ko ka bi da babban yatsa. Dattijo Rufus ya ce ta kawo ranar baje kolinmu na kaka. In muka ga karcen tsoho ne, dattin cikinsa sa'an na sauran jikin bindigar ne, sunan Levi ya hau dutse, magana ta ƙare.

Sai ga shi ƙugu ya kwantar da Gwaggo Verna. Delmer ya wanke ƙafa ya tafi dubiya da kek ɗin tuffa, ya zauna bakin gadonta yana zuba zance. Shi zai kama tebur a baje kolin, shi zai shimfiɗa ƙyalle, shi da Rufus ai yanzu ba a jin kansu. Tsohuwa ta yi ta juya abin a ranta, ƙarshe ta miƙa masa safar, da sharaɗin kada ya zare bindigar sai a gaban Rufus.

"Gwaggo, ko iska ba za ta taɓa ta ba," in ji shi.

Da yamma ina ban ruwan fulawa sai ga sanƙo ya leƙo ta kan katanga. Ya ce in gaya wa tsofaffin abokaina su shirya, bana shi zai ɗauke kyautar tebur mafi kyau, kuma Rufus da hannunsa zai kawo masa kofi yana roƙon ya shiga ƙungiya. Na tambaye shi me ya samo. Ya ce ba ya tattauna sirrin sana'a da ɗan leƙen asiri. Ni dai na ɗauka wani tarkacen ya sake kwasowa a gwanjo, na ci gaba da ban ruwana. Sauran abin da ya faru a garejin gidansa, Lorna ce ta zayyana wa matata daga baya, tana yi tana share hawaye, wani wurin kuma dariya na ƙwace mata.

Ko awa bai yi da shiga gida ba ya zare bindigar. Da ya gan ta baƙa wuluk sai ya dafe ƙirji. Ya ce wa Lorna danginta dai ƙazamai ne, yaya za a bar kayan tarihi cikin wannan dauɗa, kuma shi ba zai kai abin kunya gaban jama'a ba. Lorna ta tuna masa sharaɗin Gwaggo. Ya ce Gwaggo ta san alli da allo, shi kuwa ya san ƙarfe.

Ya fara da sabulun wanke-wanke da soso, baƙi ya ce yana nan daram. Sai ya ɗauko tukunyar da Lorna ke jiƙa kokwamba, ya cika ta da ruwan khal, ruwan tsamin nan da take jiƙawa da shi, ya tsunduma bindigar ya rufe. Wari ya cika layinmu, har matata ta aika tambaya ko Lorna za ta sam mana kokwambar in ta jiƙu. Da ya tsamo ta, baƙin ya tafi kam, sai dai abin da ya fito toka-toka ne, fari fat kamar cikin kifi. Delmer ya ɗaga ta sama ya ce yanzu ne aka fara ganin fuskarta.

Daga nan ya ce sai an wanke ciki. Ya kawo sukundireban mota ya hau kan ƙusoshin da ba a taɓa kwancewa ba tun da aka ɗaure su, ya cinye kawunansu ɗaya bayan ɗaya. Ina zaune a bayan gida da safe ina cin wainar ƙwai, sai na ji ƙyas, wani abu ya tsallako katanga ya faɗa cikin kofina. Na tsamo shi na duba. Sifirin ne na libarba, ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke harba kunama, tsoho na gaske, aikin hannu. Na zagaya na buga ƙofar gareji, ya buɗe kaɗan ya toshe da cikinsa.

"Delmer, wannan daga ina?"

"Na injin yankan ciyawa ne."

"Injin yankan ciyawar Annabi Nuhu?"

"Maƙwabci, ka je ka gaya wa wanda ya aiko ka ba ka ga komai ba."

Ya fizge sifirin ya turo ƙofa. Na ce masa ta bayan ƙyaure, ko mene ne a ciki, don girman Allah kada ya goge shi. Ya amsa da cewa haka duk marasa hannu suke faɗa. Wallahi ko a mafarki ban kawo cewa Gwaggo Verna, da wayonta, za ta danƙa wa wannan mutum komai ba.

Wajen mayar da sifirin ya matse shi da filaya ya karye biyu. Bai damu ba, ya zare na sabuwar libarbarsa ta janar. Na sabuwar ya ƙi shiga, ya yi ɗan kauri. Mai hankali sai ya rage sabon. Delmer ya ɗauko zarto ya rage tsohuwar bindigar.

Ƙota kuma ya ce ta yi kaushi. Ya bi ta da sanfefa har katako ya yi fari. Wurin hatimin nan da ya ɗan lotsa, idonsa na mai fenti ya gaya masa ciwo ne, sai ya cike shi da abin da suke cike lotsawar mota, ya goge ya daidaita, ya feshe duka da man ƙyallin mota. Lorna ta ce yana yi yana fito.

Saura ƙarfe. Ya kunna injinsa na goge bambar mota, ya kanga bindigar. Bai daɗe ba injin ya cafke ta ya wulwula, ta fasa gilashin taga ta fice, ta wuce ta saman kan mai raba wasiƙu ta dira cikin tumatirin Lorna. Bawan Allah ya watsar da jaka ya kwanta a ciyawa. Delmer ya fito da tabarau a goshi ya ɗauke ta cikin tawul, ya gaya masa gwaji ake, kuma ya yi sa'a ya zama na farko da ya ga abin tarihi yana tafiya. Kafin azahar labari ya kai shagon aski cewa Delmer ya fara jifan ma'aikatan gwamnati da ƙarfe.

Ya koma ya ƙarasa. Ya goge bututu, ya goge tagulla, ya goge gindin ƙota har yana ganin haƙoransa a ciki. Ya kira Lorna ta zo ta ga aiki. Ta karɓa ta juya gindin, ta karkata shi ga haske yadda ta ga Gwaggo na yi tun tana yarinya, ta tambaye shi ina sunan Kaka Levi. Ya karɓa ya duba, ya tofa yawu ya murza, ya sake dubawa. Sumul, ko gezau. Lorna ta zauna kan bokitin fenti ta rufe fuska.

Kai ka ce nan zai tsorata. Ina! Ya ce dama rubutun bai fita da kyau ba, mutanen da ba su da kayan aiki. Ya jawo ɗan injin da yake rubuta sunansa a jikin sifanu don kada maƙwabta su ara su hana, ya zana sunan Levi da manyan haruffa, har da ƙawa a gefe. Da ya gama ya ja baya ya ƙare masa kallo, ya ga akwai sauran fili a gaba. Sai ya ƙara kalma ɗaya: Kanar.

"Delmer, kurtu ne fa," in ji Lorna.

"Da can. Yanzu ya shigo hannun wanda ya san darajarsa."

Ranar baje koli Lorna ta ce kanta na ciwo, ko ƙofar gida ba ta leƙa ba. Zauren 'yan kwana-kwana ya cika. Tebur-tebur an jera bindigogi baƙaƙe da masu ruwan ƙasa, kowa da farar safar hannu, ana magana ƙasa-ƙasa, mata na sayar da kek da kofi a lungu. Delmer ya kama teburin tsakiya, ya shimfiɗa jan karan-miski, ya kafa fitila mai ƙarfi, ya lulluɓe kayansa da farin ƙyalle. Ya saka kwat da wani lakataye mai ruwan zinariya. Duk wanda ya gifta sai ya ce masa ya dawo anjima da tabarau, don abin zai kashe ido.

Can sai ga Gwaggo Verna a bakin ƙofa, da hularta ta zuwa coci, tana tura ƙarfen dogarawa. Likita ya hana ta fita, ta ce likitan ma ɗalibinta ne. Na je na kamo hannunta, ta ce in kai ta teburin Delmer, yau Levi zai shiga cikin 'yan'uwansa. Na kalli farin ƙyallen nan, na tuna sifirin a kofina, na ja ta a hankali zuwa teburin.

Delmer ya bubbuga cokali a kofi, ya yi jawabi. Ya ce akwai masu tara bindiga, akwai kuma masu raya ta. Ya ce ya yafe wa duk waɗanda suka raina shi. Sannan ya fizge ƙyallen.

Abin ya haska kamar sabon famfon banɗaki. Zauren ya yi tsit. Wani tsoho da ya zo tun daga jihar maƙwabta ya lalubi kujera ya zauna. Wani ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji yadda ake yi a maƙabarta. Delmer ya zunguro ni da gwiwar hannu ya ce in duba, mamaki ya hana su magana.

Dattijo Rufus ya matso a hankali, ya saka safar hannu, ko da yake ban san me ya rage da zai kare ba. Ya ɗauka ya kai hanci, ya tambaya ko kokwamba aka ci da ita. Ya ɗora gilashinsa a kan ƙota ya nemi hatimi, ya ƙwanƙwasa wurin da farce, ya ɗago ya kalli Delmer.

"Ina hatimin?"

"Wane hatimi? Lotsawa ce, na gyara. Kyauta ma na yi."

Rufus ya juya gindin. Ya karanta, ya cire gilashi ya goge, ya sake karantawa. Jijiyar wuyansa ta tashi. Duk garin nan babu wanda bai san kanar ɗin rundunar nan ba, domin kakan baban Rufus ne, kuma hotonsa da gemu har ƙirji yana rataye a bangon zauren, daidai bayan Delmer. Rufus ya nuna hoton da bakin bindigar ya tambayi Delmer to wancan kuma wane ne, mai dafa musu abinci?

Delmer ya waiga, ya ce ai rundunar babba ce, ba mamaki kanar biyu gare ta, ɗaya na safe ɗaya na yamma. Wani daga baya ya ce a tambaye shi ko janar ɗinsa na gidan waya ne ya yi naɗin. Dariya ta fara tashi. Delmer ya hasala, ya ƙwace bindigar ya ce su masu surutu su gani, a cikin duk tarkacen da ke zauren nan tasa ce kaɗai ke aiki kamar sabuwa. Ya ja kunamar baya da ƙarfi. Sifirin aro ya yi ƙara, ƙusoshin da ya cinye wa kai suka saki, bututun ya sulale ya faɗa tsulum cikin kofin da wani ya ajiye a bakin tebur, tulun harsashin kuma ya gangara ƙasa ya bi tsakanin ƙafafun mutane har ƙarƙashin motar kashe gobara. Delmer ya tsaya da ƙota kaɗai a hannu, yana nuna ta sama. Zauren ya kece, har mai sayar da kek sai da ta riƙe ciki.

Gwaggo Verna ba ta yi dariya ba. Ta miƙa hannu, ya ba ta ƙotar. Ba ta kalli manyan haruffan ba, babban yatsanta ta ɗora a kan tagullar tana bi a hankali, gaba da baya, tana neman abin da ta saba ji. Mutane suka lura, dariyar ta mutu da kanta. Ta daɗe tana shafawa kafin ta ɗago ta tambayi Rufus ko maganarta kaɗai za ta isa, ita da ta ga rubutun da idonta shekara da shekaru.

Na san Rufus tun muna samari, ban taɓa ganin magana ta yi masa nauyi haka ba. Ya ce shi a ransa ya yarda da ita ɗari bisa ɗari. Amma in ya ɗora suna a dutse bisa shaidar da aka zana da injin lantarki a makon nan, gobe kowa zai ce sauran sunayen ma haka aka yi su. Ya ce da mutumin nan ya bar ko harafi ɗaya na Levi, da ya tsaya mata har gaban majalisar gari.

Nan Delmer ya ga ƙofa. Ya gyara lakataye ya ce ai abu mai sauƙi ne, a daina tayar da hankalin tsohuwa. Yana da injin da ke cin dutse, gobe da sassafe zai je dandali ya rubuta sunan da kansa. Shugaban 'yan kwana-kwana ya ce in ya kuskura ya gan shi kusa da dandalin nan da ko ƙusa a hannu, da mesar ruwa zai rako shi gida.

Gwaggo Verna ta ajiye ƙotar a kan jan ƙyallen, ta gyara mata zama.

"Mutanen garin nan sun daɗe suna cewa Levi bai je yaƙi ba," ta ce, "ban taɓa jin tsoron bakinsu ba, domin ina da abin nunawa. Su faɗa kawai suka yi. Kai da kake namu, kai ka tabbatar musu."

"Gwaggo, ai in kika duba ƙyallin..."

"Riƙe abinka, Delmer. Kai ka ƙera ta."

Da bazara aka buɗe dutsen da sababbin sunaye a ƙasa. An yi kiɗan badujala, fasto ya yi addu'a, aka shiga karanta sunaye bi da bi. Delmer yana can baya, inda shugaban 'yan kwana-kwana ya ja masa iyaka, ya samu wani baƙo yana gaya masa shi ne ƙwararren da ƙungiya ta ji tsoro. Ni ina gaba, riƙe da hannun Gwaggo Verna. Ta tsaya a miƙe da hularta, leɓunanta na bin mai karatun, har aka zo inda sunan Levi zai faɗo aka wuce zuwa na gaba. Sai ta ce in kai ta mota, ƙafarta ta gaji.